Layin da Yaya ya bari a manhajar hasashen ambaliya

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai. Ni da yayana wuri ɗaya muke aiki, muna rubuta manhajar da ke hasashen cikar kogi. Shi ya koya mini aikin, teburinsa na kallon nawa. Bara Allah Ya yi masa rasuwa, aikinsa ya dawo hannuna.

A cikin manhajar akwai wani lissafi da ake maimaitawa a kan lambobi masu ɗimbin yawa. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa harshen inji, tana iya ɗibar lambobin rukuni-rukuni ta lissafa su tare, aiki ya yi sauri. Amma Yaya ya sa layi ɗaya na umarni a wurin, ya hana ta, sai dai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai rubuta dalili ba. Halinsa ne, ko famfon gida ya gyara ba ya gaya wa kowa.

Yanzu hasashenmu yana makara, masu gargaɗin mutanen bakin kogi suna ta jira. Na cire layin na gwada, sauri ya ninka, sakamako bai canja ba. Sai na mayar da shi, na shiga banɗaki na sha kuka. Oga ya ce in ban yanke shawara a makon nan ba, zai ba wani aikin, wanda ko sanin Yaya bai yi ba. Ina tsoron ko Yaya ya ga abin da ban gani ba. Kuma gaskiya, ba na son share rubutunsa.

Ƙanwar marigayi

Ƙanwata, Allah Ya jiƙan yayanki, Ya ba ki haƙuri.

Na tambayi masana wannan aiki, sun ce tsoronki yana da tushe. In aka canja yadda ake tara lambobi, sakamako kan ɗan goce, musamman a lissafi mai tsanani. Sun kuma ce mai yiwuwa tsohuwar kwamfaila ce ke da matsala a lokacinsa, an riga an gyara. Gwaji ɗaya bai isa ba. Ki ɗauko bayanan shekarun da ruwa ya fi ɓarna, ki gwada da layin, ki gwada babu shi, ki karanta rahoton kwamfaila, sannan wani abokin aiki ya duba. In an sami bambanci, kin gano dalilinsa, ki rubuta shi a wurin. In babu, ki cire.

Kada ki ji haushin oganki. Akwai iyaye da yara a bakin kogi da gargaɗi zai iya riska a makare, kuma ba su san da wani layi ba.

Kukan kuwa ki yi abinki, ba laifi ba ne. Amma in har za a cire layin nan, gara a cire shi da hannun da zai yi wa mai shi addu'a. Allah Ya yi miki jagora.