Baba Audu a kan kekena

Talata, bayan isha'i, Daudawa.

Yau mai horar da ni, Malam Sani, ya ce tunda gasar da zan shiga ta iyo ce da keke da gudu a jere, dole in saba da dira daga keke in zura nan take. Na yar da keken a hanyar Yankara, na kwasa da gudu.

Na manta abin da gudun babban mutum ke nufi a yankin nan. Sai ga maƙwabcinmu Baba Audu, tsoho tukuf, a kan kekena yana haki: "Hau, ɗana! Su nawa ne?"

Kunya ta kama ni. Ya zaci 'yan bindiga suka biyo ni. Yana gonarsa lokacin da ya hango ni, kuma dawar ta isa ta ɓoye shi, amma ni ya nufo.