Shinkafar da na zubar a teku

Zuwa ga yayana Manzo, a Gure.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Inna da yara suna lafiya. Yaya damina?

Ni lafiya lau, sai jirin teku da ya ƙi sakina. Amma raina a ɓace yake da kai. An ce kana baza wa gari cewa na zama soja, har Isufu ɗan baffa zai sayar da raƙuminsa ya biyo ni. Ni kuku ne a jirgin ruwan da ke kai sojoji bakin daga. Mukan sauke su a gaɓa, mu jira, mu kwaso waɗanda suka dawo.

Rannan na dafa shinkafa daidai mutanen da muka sauke, waɗanda suka dawo suka ci, rabin tukunya ya rage. Na ce a bar ta a yi ɗumame da safe, lajidan, babban sojan da ke kanmu, ya ce dokar jirgi a zubar. Ni ɗan Gure na juye abinci a teku da hannuna, kuma na san masu shi da suna.

Ka gaya wa Isufu wannan, ya riƙe raƙuminsa. Inna kuwa, ce mata ina ƙoshi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Ibram