Tsamiyarki Ta Karkace, Inna

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci, ɗanki ne Sule na Sharada, mai miƙar da ƙarfen mota. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma tun ina yaro, in na yi ɓarna tuwo ba ya wuce mini wuya sai na faɗa miki, ga shi furfura ta cinye gemu halin bai sake ni ba. Masu leƙen takardar nan su yi haƙuri, ba da su nake ba.

Maganar tsamiyarki ce. Tana nan da rai, kada ki firgita. Amma bari in ɗauko daga tushe, yadda kike ɗauko mana tatsuniya.

Kin tuna shekarar da masu awo suka yanka gonakin Sharada aka dasa masana'antu. Gonarmu ta shige ƙarƙashin kamfanin robobi. Ba abin da ya tsira sai tsamiyar kan iyaka, don tana gefen titi. Kika kafa murhu a gindinta kina sayar wa ma'aikata shinkafa da wake, ni kuma na raɓa a ɗaya gefen da gudumata da tukunyar gas. In mota ta yi karo shasinta ya lanƙwashe, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da ita kamar ƙashin baya, sai mu ɗaure gindinsa a jikin wata matacciyar gingimari, gabansa kuma mu sa sarƙa mu ja da tsamiya.

Kin yarda, amma da sharaɗi. A naɗa buhu kafin sarƙa ta taɓa ɓawo. A ɗaure a ƙasa, kusa da saiwa. Kuma ba a ja a cikin marka. "Ƙasa ta jiƙe, saiwa ba ta da abin kamawa. Ka jira rana." Haka kike cewa kina juya miya, ko kallona ba kya yi. Ni da nake ba yaran gareji umarni, sai in naɗe sarƙata in zauna.

Bayan rasuwarki Saratu ce ta gaji murhunki, matar Bitrus direba, mutumin Kagoro. Kin san shi, shi ne ke sa ki a gaban akori-kurarsa ya kai ki cefane. Ba ki ga ƙarshensa ba. Tirela ce ta same shi a hanyar Challawa. Shi ya tafi, motar kuma aka jawo ta bayan garejina, ta kwanta shekaru, kaji na saka ƙwai a cikinta.

Bana abubuwa sun tsuke, Inna. Kamfanoni na ta sallamar mutane, har da Yohanna ɗan Saratu, magidanci da 'ya'yansa, da ke aiki a majemar fata. Saratu ta zo ta tsuguna gefena kamar yadda take tsuguna miki, ta roƙe ni in tayar da motar mijinta ɗanta ya samu abin ɗaukar kaya.

Abokan sana'a suka zo suka zagaya ta, suka ce wannan sai dai a sayar wa masu tsintar ƙarfe. Kin san ɗanki, nan take na ɗaura aniya. Da sun ce za ta gyaru, wataƙila da na yi aikin a natse.

Muka ɗage bodi, muka sauke inji, shasi ya fito tsirara. Ƙarfen dama ya shige ciki, ya kuma durƙusa ƙasa daidai inda taya ke kamawa. Na miƙa zare biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, suka gitta juna. A lafiyayyen shasi tsawonsu ɗaya ne. A nan ɗaya ya fi ɗaya da kamu guda. Motar da aka bari haka tafiya take a karkace, kamar mai wuce ƙofar gidan surukansa.

Ƙaramin jak ɗina ba zai iya ba, sai na aro babban cenbulok, abin jan nan mai sarƙa, daga wani kamfani a Bompai. Suka ce in dawo da shi Litinin. Ruwa kuwa ya kwana yana zuba, ya wuni, ya sake kwana. Tsakiyar marka. Kuma da yake ƙarfen ƙasa ya durƙusa, sai an ja shi sama, don haka na hau tsani na ɗaure sarƙa can wajen da rassa suka rabu. Buhun dai na naɗa, Inna. Cikin ukun naki shi kaɗai na riƙe, kuma har na ji kamar na kyauta.

Ranar Lahadi da hantsi rana ta ɗan leƙo, mutane suka taru. Na gasa lanƙwasar da wuta har ta fara ja kamar gauta, na ce a ja. Sarƙa ta miƙe. Na bi da guduma. Sai na ji wata ƙara, can ƙasa-ƙasa, kamar ana yaga sabon zane. Na yi shekaru ina sauraron ƙarfe, na san kukansa. Wannan ba shi ba ne. Amma idona na kan zare, zaren kuma ya kusa haɗuwa, ga abokan sana'a tsaye a kaina. Na ce wa kaina ƙarfe ne yake saki. Na ce a ƙara.

Zare ya haɗu cif. Na ɗaga kai in karɓi yabo, sai na ga kowa ya juya mini baya. Ƙasa ta tsage a bayan tsamiya, saiwoyi sun ɗago kamar yatsu, ita kuma ta sunkuyo kan gareji. Inda murhunki yake, rana ce fal.

Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da na samu sauƙi. Saratu ta dubi bishiyar, ta dube ni, ta ce kawai, "Sannu da aiki, Baba." Washegari na ga tana jan tukwane tana bin ɗan abin da ya rage na inuwa. Ma'aikata suna cin abinci a tsaye, faranti a hannu, suna kare ido. Tsofaffin garinmu da ke zuwa su zauna don su ce ga inda gonar wane take, suka daina zuwa. Ɗayansu ya gamu da ni a masallaci, ya tambaye ni lafiyar iyali har sau biyu, bai ambaci komai ba.

Motar ta tashi. Na yi mata walda, na shafe ta da fenti. Ranar gwaji muka watsa ruwa a ƙasa, Yohanna ya tuƙa ta ya wuce. Tayoyin baya suka taka sawun na gaba daidai, layi biyu rak. Jama'a duk suka sunkuya suna duba sawu suna jinjina mini. Ni kaɗai nake kallon sama.

Na iya miƙar da ƙarfe, amma ban san yadda ake miƙar da itace ba. Na dai yanko ƙarafan gingimarin nan na yi mata matokari, na cike tsagar da ƙasar gona, na sa an rage rassan da suka yi nauyi. Ganyen gefe ɗaya ya zube. Ɗaya gefen yana nan kore. Masu sani sun ce sai rani ya wuce za a gane.

Tunda ta sunkuyo, inuwar duk ta dawo gefena. Wannan ya fi komai hana ni barci. Shekaranjiya na kwashe gareji na koma can filin rana, na dasa turken ƙarfe da siminti don ja, abin da ya kamata in yi tun kina raye. Na ɗauko murhunki da hannuna na ajiye inda maƙerata take. Saratu ta so ta yi gardama, na ce mata ba ni na ce ba, ke Inna kika bar wasiyyar haka. Ki yafe mini wannan ƙaryar ma.

Ranar tana da zafi, Innata. Ban san haka kika tare mini ba.

Allah ya jiƙanki, ya sanyaya miki, ya ba ki inuwar da ba mai ɗaura wa sarƙa. Ya jiƙan duk waɗanda suka ci abinci a gindin bishiyar nan suka riga mu. Ita kuma Allah ya kama mata saiwa.

Ɗanki, wanda ya ji magana bayan ta wuce,
Sule