Na Sa Hannu a Kan Haraji

Yaya Tofazzal,

Ina gaisuwa. Ya iyali? Ruwa ya janye daga gonar shinkafa?

Muna lafiya a New York. Ka san ƙungiyar ƙasashen duniya da nake wa tafinta, albashinta ba haraji. To, hukumar Amurka ta ce in zaɓa: wannan gatan, ko takardar zaman dindindin. Na zaɓi takardar, wato zan fara biyan haraji. Abokin aikina Anwarul ya ce, "Dattijo, a kanka na fara ganin saniya tana roƙon a tatse ta!" Na yi dariya, na sa hannu. 'Yata Rumana a nan ta yi wayo, garinmu Sylhet a hoto ta san shi.

Aljihu ya ɗan ji jiki, bana ba zan zo Sallah ba. Ka ce wa Inna aiki ne. Ba za ta gane mutum ya biya don ya zauna nesa da ita ba.

Allah ya sada mu.

Ƙaninka,
Mokhles