Ƙa'ida ta Uku

Aminina Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da karatun da ya ɗauke mana kai. Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko wayarka ta faɗa rijiya ne.

Shafinmu na labaran gari yana nan da ransa. Ƙa'idojin da muka rubuta wa masu aiko da rubutu ma suna nan yadda ka bar su. Kada rubutu ya wuce kalma ɗari shida, hoto ya zama kai ka ɗauka, sai ta ukun da muka fi taƙama da ita, wato dole marubuci ya sa cikakken sunansa. Tun da muka kafa ta masu zagi a ɓoye suka watse.

Ka san wa ta kawo rubutu? Malamarmu ta aji huɗu! Da ƙafarta ta zo shagon ɗab'in da nake aiki, da takarda biyu a ambulan. A kan bangon ajinta ne. Ya tsage daga taga har rufi, sai ka zura hannu. In hadari ya taso, sai ta kwashe yara arba'in da bakwai zuwa baranda. Sau uku tana rubuta wa hukumar makaranta, shiru kake ji.

Ta roƙe ni in buga ba suna. Na ce, "Malama, in na karya miki ƙa'ida, gobe kowa zai ce a karya masa." Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau, sannan ta ce, "To, sa." Na je na ga bangon da idona, na buga jiya.

Ka huta lafiya.
Naka, Gajere

Aminina Dogo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ga saƙonka kana murna rubutun ya zaga gari. Haka ne. Cikin kwana goma aka turo magina, an rushe bangon an ta da sabo.

Amma an yi wa Malama canjin wurin aiki. Takardar ta ce wai "buƙatar aiki" ce. Sabuwar makarantar tana can ƙarshen gari, mota biyu za ta hau, sannan ta taka da wannan gwiwar tata mai ciwo. Shekara biyu fa kacal ya rage ta yi ritaya.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Maigidanta ɓarin jikinsa ya shanye tun bara. Gidansu na bayan tsohuwar makarantar, da an fita hutun tara take leƙawa ta juya shi, ta ba shi magani. Ta faɗa mini wannan a shago ranar. Ina jinta, amma idona na kan injin da ya cije takarda. Sannu kawai na ce.

Ba laifinka nake nema ba, tare muka rubuta ƙa'idar. Mun kafa ta ne don mu san wanda ke bayan magana. To ni da na san matar nan tun ina ɗan shekara tara, wane sani kuma nake nema? Gaskiya, Dogo, daɗi na ji a ce yau ni ke gaya wa Malama doka. Abin da ke cina ke nan.

Ka sa ni a addu'a.
Naka, Gajere

Aminina Dogo,

Ina fatan jarrabawa ta zo da sauƙi. Na gode da ka yarda da gyaran ƙa'ida ta uku. Yanzu ƙa'idar ta ce mu za mu san marubuci, amma in yana tsoron abin da zai biyo baya, za mu sakaya sunansa.

Jiya bayan na tashi aiki na je gidanta. Sau biyu ina kaiwa bakin ƙofa ina juyawa. Na same ta shigowarta ke nan, tana ba maigidan ruwa da cokali. Yanzu maƙwabciyarsu ce ke leƙa shi da rana, in ta tuna.

Na fara ba da haƙuri, ta katse ni. "Ni na ce ka sa. Yaran ba sa zama ƙarƙashin bangon nan kuma, ko?" Na ce eh. Ta ce to alhamdu lillahi. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na karanta mata sabuwar ƙa'idar. Ta ce ta yi kyau, akwai wata malama a sabon wurin da ke da abin faɗa, za ta turo ta. Ta fara ba ni labarin, tana cikin magana barci ya sace ta a kan kujera, takalmi a ƙafa, jaka a cinya. Ƙarfe biyar ba ta ma cika ba. Maigidan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya yi mini alamar in yi shiru. Na ja musu ƙofa a hankali na fito.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.
Naka har kullum, Gajere