Hannun Mai Aski da Jar Fitila

Litinin, 3 ga Maris

Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya zama kamar tonon kaza. Tun ranar da ɓarin jikina ya shanye a shago, ina tsakiyar yi wa mutum gyaran fuska, hannun dama bai dawo ba. Ƙafa ta tashi, baki ya miƙe, shi ne ya ƙi.

Yau Auta ta shigo da wani dogon kwali. Fiyano ce mai aiki da lantarki, irin ta 'yan koyo, wai likitar gashin ƙashi ce ta ce a nemo mini saboda yatsu. Maɓallin da za ka danna shi ke kawo wuta. Ka dace ya yi kore, ka kuskure ya yi ja. Na ce mata ni mai aski ne, ba makaɗi ba. Ta yi kamar ba da ita nake ba, ta jona a soket.

Alhamis, 6 ga Maris

Ja, ja, ja. Babban yatsa da manuni suna zuwa, sauran ukun sun kwanta kamar na aro. Kuma abin ba ya wucewa, tsayawa yake yana jiranka har ka danna. Jiran nan ne na tsana. Haka mutumin nan ya zauna yana jira, kumfa a haɓarsa, ni ina kallon reza a ƙasa, harshena ya yi nauyi.

Asabar, 8 ga Maris

Yau ban taɓa fiyanon ba. Na ce wa Maman yara kaina ke ciwo, sai ga ta a guje da abin awon jini, ɗankwali a hannu. Ba zan sake yi mata wannan ƙaryar ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ni kaɗai ne a gida da hantsi. Ina dannawa sai fitilun suka dusashe, suka fara rawa, sautin ya ja ya yi kauri kamar ana magana a cikin ruwa. Wancan karon ma haka ya fara, madubin shago ne ya rabu biyu a idona. Na ce shi ke nan, ya dawo.

Na kasa tashi. Na kira sunana da ƙarfi in ji ko bakina ya karkace. Na yi wa gilashin wayata murmushi kamar mahaukaci, ina duba ko gefe ɗaya ya faɗi. Waya a hannuna, amma ban kira kowa ba, ina tsoron in ji muryata ta lalace a kunnen wani.

A haka Auta ta dawo daga aiki ta same ni. Ta leƙa bayan fiyanon, ta tura wani abu.

"Baba, ai wayar wutar ce ta saki."

Ta fara dariya, ta kalli fuskata, ta daina. Na ce kada uwarta ta ji. Ta zauna a ƙasa ta riƙe hannun.

Lahadi, 16 ga Maris

Ƙanena da ke riƙe da shagon ya zo. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce aiki ya yi masa yawa, ko a samo wani ya riƙa tsayawa a kujerata kafin in warke. Yana maganar yana kallon hannun. Na ɓoye shi a aljihu, na ce zan yi tunani.

Juma'a, 21 ga Maris

Likitar ta ce yatsan tsakiya ya farka. Na tambaye ta biyun ƙarshe, ta ce mu ci gaba. Na tambaye ta ko ciwon zai dawo, ta ce in riƙe magani. Amsar da nake so ba ta wurin kowa.

Talata, 25 ga Maris

Wata 'yar waƙar yara, na kai ta ƙarshe a hankali kamar hawainiya. Ja sau biyu kawai. Maman yara tana kicin, na ji ta daina wanke-wanke har na gama.

Asabar, 5 ga Afrilu

Dogo ya zo. Tun muna samari ni ke yi masa aski, kuma ashe tun da na kwanta bai bari kowa ya taɓa kansa ba. Ya cire hula, suma ta yi buzu-buzu. Ya karɓo injin askina daga shago, ya ja kujera tsakar ɗaki ya zauna.

Na ce ba zan iya ba, zan ji masa ciwo.

Ya ce, "Kunne biyu gare ni. Ka cire ɗaya, akwai canji."

Da na kunna injin, rawarsa ta bi hannuna har kafaɗa, na ji kamar zai kuɓuce. Gumi har cikin ido. Ƙeyarsa kawai nake gani, da jijiyar nan ta bayan kunne, ina ta tunanin idan abin ya zo mini yanzu fa? Na tallafe dama da hagu na yi ta bi. A gefen hagu hannun ya zame, na buɗe masa hanya fara tas har tsakiyar kai.

Ya shafa, ya ce yayi ne, samari za su kwaikwaya. Bayan ya tafi na daɗe zaune.

Talata, 8 ga Afrilu

Auta ta sa mini darasin hannu biyu. Ja ta dawo da yawa. Ban damu sosai ba, ban san dalili ba.

Na kira Dogo na ce ya dawo gobe in gyara ɓarnar nan. Ba don komai ba, yawo yake da ita a gari ba hula, yana gaya wa kowa aikina ne.

Na ce ya biya ta shago ya taho da almakashi. Ban ce reza ba. Shi ma bai tambaya ba.