Gurnanin Injin Mus'ab

Funtua, Lahadi

Zuwa ga ɗana Mus'ab,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a Zariya. Babanka lafiya, sai ciwon gwiwar nan. Goggo Tsohuwa tana fama da tari. Ƙannenka Zaituna da Adawiyya ƙalau. Ka yi haƙuri da rubutuna, tunda an rufe layin waya dole na ɗauki biro.

Injin sassaƙar da ka haɗa da hannunka ya tayar mana da hankali. Zaituna ta ɗora allon kan gadon Adawiyya kamar yadda ka koya mata. Injin ya yanka rabin furen adon lafiya, sai ƙaramar motar lantarkin da ke tura wuƙar gefe ta fara gurnani tana karkarwa, har kofin da ke kan teburin ya faɗo. Wuƙar ta bar hanya ta ci gefen ganye. Na taɓa motar, ga zafi. Ban taɓa jin ƙarfe yana kuka haka ba.

Asabar za a kai jeren Adawiyya Malumfashi, kuma na riga na gaya wa dangin ango cewa yayanta ne zai yi mata gadon da ba a taɓa gani ba. Maiwada mai gyaran babur ya ce zai leƙo. Me za mu yi?

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Maijidda

Zariya, Litinin

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, a duba mini Baba da Goggo. Kada ki damu, motar ba ta mutu ba. Wayoyi huɗu ne suke shiga cikinta, biyu-biyu suke aiki. In ɗaya ta kwance, sai ta yi ta rawa a wuri guda. Zaituna ta kashe wuta, ta ƙara ɗaure su, ta goge sandar da wuƙar ke bi.

Amma Inna, don Allah kada kowa ya cire waya injin yana kunne. Ƙaramin akwatin da ke ba motar umarni zai ƙone nan take, kuma babu irinsa a Funtua. Malam Maiwada mutumin kirki ne, sai dai wannan ba babur ba ne.

Ɗanki, Mus'ab

Funtua, Talata

Mus'ab,

Muna lafiya. Direban da ka ba saƙo ya kawo takardarka da la'asar. Maiwada kuwa ya riga ya zo tun da hantsi.

Ya ce, "Hajiya, ai ba a gane ciwon inji sai yana aiki. Haka muke zare filogin babur mu saurara." Zaituna ta ce a jira ka, ya ce, "Ke yarinya, tun ba a haife ki ba nake riƙe da sifana." Ni ce na ce ta kunna masa. Ya zare jar waya, aka ji ƙas, wani siririn hayaƙi ya fito daga akwatin, ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba. 

Yanzu motar ba ta gurnani, ba ta motsi. Maiwada ya ce ai ƙarar ta daina, ya tafi. Zaituna ba ta ci abinci ba. Adawiyya ba ta sani ba tukuna, na rufe allon da zane.

Ka gaya mini gaskiya, akwai abin da ya rage a gyara, ko in kai allon wurin kafinta ya ƙarasa furen da hannu? Ka ba direba amsa kafin Alhamis.

Innarka